Jan Bango a Gidan Mai Fenti

Duk wanda ya ce maka so ba ya barin tabo, kamo hannunsa ka kawo shi ƙauyenmu in nuna masa bangon gidan Herr Dohmen.

Farin bango ne ƙal, mai hawa biyu. Mutumin mai fenti ne, daga nan har birnin Düren babu shagon da ya kai nasa, kuma wannan bangon shi ne tallarsa. Ko tsuntsayen unguwar sun san ba a kashi a wurin. To ni Joscha, ni na mayar da shi ja da kore da ruwan ɗorawa, tun daga tagar 'yarsa Merle har ƙasa.

Ba da gangan ba, na rantse.

Kun dai san yadda muke yi. Daren shiga watan Mayu saurayi ya saro bishiyar da muke kira birke ya kafa wa budurwarsa a jikin gidansu, ya ɗaɗɗaura mata zirin takardu masu launi. Ta yi wata guda a tsaye, gari ya gani. Ɗaya ga Yuni ka je ka ɗauke abarka. In gidan sun karɓe ka, uba ya miƙo maka kiret ɗin giya, uwa ta ba ka kek, yarinya kuma ta ba ka abin da ba ruwanku. In ba su karɓe ka ba, ka ja itacenka ka tafi, maƙwabta suna leƙenka ta labule.

Akwai takardar da ake sayarwa musamman don wannan, wadda ruwa ba ya sa ta zuba. Ni gwani, ta makarantar da nake aiki na kwasa, irin wadda yara ke yanka fure da ita. Washegari sama ta ɓalle da ruwa.

Merle da ta leƙo ta ga abin, dariya ta yi har da zama a ƙasa. Ubanta bai yi dariya ba. Na zo da bokiti da soso zan wanke, ya ce in na taɓa masa bango sai ya karya ni. Haka ya bar shi wata cur, wai gari ya ga irin mijin da 'yarsa ta kwaso.

A ɗaya kusurwar gidan kuwa ga bishiyar Torben, babban yaron shagonsa, wanda ya daɗe yana so ya haɗa da Merle. Doguwa har ta wuce rufi, zirinta a bushe tsaf suna kaɗawa kamar suna yi mini gwalo. Torben na da mota, yana da gemu, yana da albashi.

Ni me nake da shi? Shekarar hidima nake yi a makarantar firamare. Ina taimaka wa malamai, ina raba faɗa, ina ɗaure igiyar takalmi, ina zama da wanda karatu ya ƙi shiga kansa. Ana ba ni ɗan alawus da bai isa ya sa mutum girman kai ba, da katin shiga bas, da inshorar lafiya, da abincin rana tare da yara, da wani ɗaki a saman zauren motsa jiki wanda in na miƙe hannu sai in taɓa bango biyu. Kai, har bita ake kai mu, mu zauna a da'ira muna faɗin yadda muke ji a ranmu. Herr Dohmen duk ya dunƙule wannan a suna ɗaya. “Mai share majina.”

Ranar Juma'a, ana gobe ɗaukar bishiya, yara suna ta fita, sai ga shi a ƙofar makaranta cikin fararen kayan aikinsa.

“Kai, zo nan.”

“Herr Dohmen! Ɗa kuka kawo mana? Ai an rufe ɗauka.”

“Rufe mini baki. Bakin nan naka shi zai kashe ka.”

Na rufe. Ya dube ni daga sama har ƙasa kamar bangon da ya yi danshi.

“Yarinyar nan ta ƙi ji. Na yi faɗa, uwarta ta yi kuka, yarinyar ta ce ita sai kai. To ni ba zan ba da 'yata ga wanda ake ciyarwa da cokalin yara ba. Ranar Litinin ka ajiye wasan nan, ka zo shagona ka fara koyon sana'a. Bangon da ka ɓata shi ne darasinka na farko. In ka yarda, gobe a gaban kowa zan ba ka kiret. In ba ka yarda ba, Torben zan ba, kuma ƙafarka ta fita daga layinmu.”

“Amma saura kaɗan in gama shekarar.”

“Shekarar me? Ta tsallen igiya?”

“Merle ta san da maganar?”

“Maganar maza ce. Kai namiji ne ko sai ka nemo izini?”

Nan ya same ni. Ya juya ya tafi, ya bar ni tsaye da jakar wata yarinya a hannu, mai hoton doki.

Kai tsaye na wuce ofishin Frau Lennartz. Ita ce aka ɗora wa kula da ni tun da na fara hidimar, ita nake kai wa kuka, ita ke wanke ni in na yi shirme. Gajeruwa ce, amma in ta ɗaga gira ko shugaban makaranta gyara tsayuwa yake.

“Frau Lennartz, tambaya gare ni. Inshorar nan da aka yi mana, tana biyan ɓarnar bango?”

“In a bakin aiki ka yi ɓarnar.”

“In a bakin soyayya fa?”

“Joscha, ina da aiki. Faɗi abin da ya kawo ka.”

Na faɗa mata. Ina gamawa ta cire tabarau ta ajiye a hankali. Da na ga haka na san na shiga uku.

“Maimaita.”

“Zan bari. Daga Litinin.”

“Kai mahaukacin ina ne?”

“Na Düren.”

“Kada ka yi mini wasa!” Ta buga tebur. “Ka san me zai faru in ka fita yanzu? Shekarar nan in ka cika ta, ita za a haɗa da sakamakonka ka samu shiga kwaleji. In ba ka cika ba, ƙofar ta rufe. Wa ya zauna nan yana ce mini shi aikin yara zai karanta? Wa ya sa ni na yi ta buga waya ina nema masa ɗakin da yake kwana? Kana tsammani kowane mai hidima ake ba ɗaki?”

“Na sani.”

“Ba ka sani ba! Ka zo mini wata tara da suka wuce ba ka iya tashi da safe, ba ka iya gama magana ba ka sa shashanci ba. Yanzu ajin nan in ba ka zo ba ba sa cin abinci. Kai ne na farko da na ce a raina wannan an haife shi don aikin nan. Shi ne za ka je ka riƙe wa wani tsani?”

“Fenti ma sana'a ce.”

“Sana'a ce mai kyau, ga wanda yake son ta. Kana son ta?”

“Ina son 'yar mai ita.”

“Ita yarinyar ce ta ce ka bari?”

Na hau sosa ƙeya.

“Ba ka ma tambaye ta ba.” Ta girgiza kai. “Maza! Tashi ka fita. Ban ji komai ba yau. Litinin da safe in na gan ka a bakin ƙofa kana karɓar yara, ba mu yi maganar nan ba. In ban gan ka ba, ka kawo mini makullin ɗaki, kuma kada ka turo wani, kai za ka zo ka faɗa wa ajin da bakinka.”

Na fito raina a ɓace. Haushinta nake ji, ina jin haushin Herr Dohmen, ina jin haushin wanda ya ƙirƙiro takarda mai zuba. Merle ta kira ni da yamma, na ce mata gobe ta sa riga mai kyau, akwai abin mamaki.

“Wane irin abin mamaki? Joscha, abin mamakinka na baya har yanzu yana jikin bangonmu.”

“Wannan ba ya zuba.”

A raina har na ga yadda za ta rungume ni tana kuka. Ga gwarzo, ya watsar da komai saboda ita. Har na shirya fuskar da zan yi.

Asabar da hantsi na isa. Layin ya cika da masu shara a ƙofar gidajen da ba su da datti. Torben ya riga ni, ya jingina da motarsa yana tauna cingam.

“A'a, malam mai zane ya iso,” ya ce. “Yau wane launi ka kawo mana?”

“Na kawo shuɗi, in shafa maka a ido.”

“Da wane hannun? Wanda kake goge wa yara baki?”

“Shi fa. Ya saba da masu dalala, zo kusa.”

Ya taso, sai ƙofa ta buɗe. Herr Dohmen ya fito da kiret ɗin giya ya dire a kan matakala. Matarsa na bayansa da kek, fuskarta kamar mai zuwa jana'iza. Sai Merle. Ba ta sa riga mai kyau ba. Kayan aiki ne a jikinta, duk ɗigon fenti, gashinta a ɗaure, da alama daga wani aikin ta dawo. Ko a haka sai da numfashina ya tsaya.

“To,” in ji uban, da ƙarfi don masu shara su ji. “Bishiya biyu, kiret ɗaya. Kai mai majina, me ka yanke?”

Na gyara murya, na dafa ƙirji.

“Na yarda, Herr Dohmen. Na bar makaranta. Litinin ina shagonku.”

Na juya wajen Merle da fuskar da na shirya.

Ba ta rungume ni ba.

“Ka yarda da me?” ta ce a hankali.

“Zan koyi fenti. Saboda ke. Babanki ya ce in na...”

“Papa ya ce.” Ta juya. “Papa, me ka ce masa?”

“Abin da ya kamata. In zai shigo gidan nan, ya shigo shago. Wata rana ai sai an samu wanda zai riƙe shi.”

“Wanda zai riƙe shi.”

Ta sauko daga matakalar. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ta yi fari fat.

“Tun ina 'yar shekara goma sha shida nake kan tsaninka, Papa. Wa ya yi wa cocin nan na bayan kasuwa fenti lokacin da bayanka ya riƙe? Wa ke zuwa ba mutane haƙuri in Torben ya ɗiga musu fenti a kafet?”

“Sau ɗaya ne,” in ji Torben.

“Yi mini shiru, Torben, ba da kai nake ba!” Ta koma kan uban. “Ina karatun jarrabawar Meister don in samu ikon riƙe shago da sunana, ina tashi da littafi ina kwanciya da littafi, kana gani. Shi ne ka je ka ɗauko wannan?” Ta nuna ni da yatsa ko kallona ba ta yi ba. “Wannan da bai san takarda mai zuba ba? Shi ya fi ni cancanta?”

“Merle, a bainar jama'a muke,” uwarta ta ce, kek a hannunta.

“Su ji, Mama! Ai don su ji aka fito da kiret.” Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu ta bar farin fenti a kumatu. “Da na ɗauka Torben kake so. Ashe ba Torben ba ne. Kowa ma ya zo, in dai namiji ne. Ba miji kake nema mini ba, magaji kake nema wa kanka, ni ce kawai ƙofar da zai bi ya shigo.”

“Ke mace ce, za ki yi aure, za ki haihu,” ya daka mata tsawa. “Shagon da kakanki ya kafa ba zai tsaya jiran mai jego ba!”

Ko tsintsiya ɗaya ba ta motsi.

Ni kuwa bakina da ba ya iya zama, sai ya ce, “To ai in na koya sai in riƙa taimaka miki...”

Kash. Da na sani na haɗiye harshena.

Ta juyo kaina gaba ɗaya.

“Kai kuma! Kai ka fi ba ni haushi. Shi na san shi, da shi na tashi. Kai fa? Kai da kake cika mini kunne kullum da labarin ajinka, wane ya iya karanta sunansa, wance ta daina kuka. Kai da idonka ke haske in kana maganar kwaleji. Rana ɗaya aka ɗaga maka murya ka zubar?”

“Saboda ke na yi!”

“Ka tambaye ni?”

“Ya ce maganar maza ce.”

“Maganar maza!” Ta yi wata dariya mai ɗaci. “Kun zauna ku biyu kun raba. Kai ka ɗauki yarinya, shi ya samu yaro, shago ya samu gemu. Ni kuma in tsaya a taga ina murmushi ina jiran wanda aka ba kwalabe. Ka san abin da ka yi yanzu? Ka tsaya gaban garin nan ka taya shi cewa ban isa ba.”

“Ban san haka ba ne, Merle. Na rantse ban sani ba.”

“Da ka tambaya da ka sani!”

Ta rufe fuska tana kuka sosai, kafaɗunta na jijjiga. Na matsa zan taɓa ta, ta buge mini hannu. Raina ya ɓaci, ba da ita ba. Na dubi mutumin da ya sa na kusa watsar da abu ɗaya tak da na taɓa iyawa a rayuwata, yana tsaye ya harɗe hannu kamar alƙali.

“Herr Dohmen,” na ce, “na janye.”

“Ka me?”

“Na janye. Ba na zuwa. Litinin ina makaranta, akwai majinar da ke jirana. Bangonku kuwa in kun ba ni dama in wanke a lokacin hutuna, in ba ku ba ni ba ku ci gaba da baje kolinsa. Ku riƙe giyarku.”

Fuskarsa ta yi jawur. Ya sunkuya ya ɗauki kiret ɗin ya dangwara wa Torben a ƙirji.

“Riƙe! Ga surukina, kowa ya gani.”

Torben ya riƙe, amma sai ya rasa inda zai sa idonsa. “Maigida, ni fa ban...”

“Riƙe na ce!” Ya nuna ni. “Kai, cire ƙazamin itacenka ka bar mini gida. In na ƙara ganinka a layin nan 'yan sanda zan kira.”

Na je na fara kwance wayar da na ɗaure bishiyar da ita a jikin bututun ruwa. Wayar ta yanke ni. Ganyen duk ya bushe, zirin takardun sun koɗe sun zama kamar tsumma. Na kwantar da ita a ƙasa, ina tunanin yadda zan ja ta ni kaɗai in wuce duk waɗannan idanun.

“Merle, shiga gida,” in ji uban.

Ba ta motsa ba.

“Na ce ki shiga gida! In kika bi yaron nan ko taku ɗaya, ki ajiye mini makullin motar aiki. Babu ke babu shagona. Ki je ya ciyar da ke da abincin yara.”

“Hubert, don Allah,” matarsa ta ce tana kuka. “'Yarka ce fa.”

“Ta zaɓa!”

Merle ta ɗago. Ta daina kuka. Ta sa hannu a aljihu ta ciro makullin, ta tsaya tana kallonsa a tafin hannunta. Na san abin da motar nan take a wurinta, da kanta ta rubuta sunan shagon a jikinta.

“Merle, kada ki yi,” na ce. “Ba don ni ba.”

“Wa ya ce don kai ne?”

A gefen matakala akwai bokitin farin fenti da ta dawo da shi daga aiki, murfinsa a ɗage. Ta miƙa hannu a kansa ta saki makullin. Ya nutse, ko ƙara bai yi ba.

“Masu neman mai fenti sun yi yawa a Düren, Papa. Jarrabawata zan ci. In ka ga mota ta wuce da sunan Dohmen a jiki, ka duba da kyau, ba taka ba ce.”

Uban ya dubi bokitin, ya dube ta. A karo na farko na ga tsufa a fuskarsa.

Ta zo ta wuce ni, ta sunkuya ta kama bishiyar ta wajen rassan.

“Ɗauki gindin,” ta ce.

Na ɗauka. Muka bi tsakiyar layin, ita a gaba ni a baya, busassun ganye na zuba. Masu shara suka dare mana hanya. Ina jin kukan uwarta a bayanmu, Merle ba ta waiwaya ba, amma ina ganin yadda take ta haɗiyar zuciya.

Sai da muka sha kwana na yi ƙarfin halin buɗe baki.

“Merle.”

“Kada ka yi mini wasa, Joscha. Ko ɗaya. Ban huce ba.”

“Ba wasa ba ne. Ina za mu?”

Ta tsaya cak har gindin itacen ya buge ni a ciki. Ta juyo, ido jawur, fenti a kumatu.

“Ni gidan ƙanwar Mama zan sauka. Kai kuma za ka je ka nemi matar nan da ke kula da kai, yau ɗin nan, ba sai Litinin ba, ka ba ta haƙuri. In ta kore ka, ni ma na kore ka.”

“In ta yafe fa?”

Ta gyara riƙon rassan ta juya.

“Sai ka zo ka fara ba ni nawa haƙurin. Tafi mana, nauyi gare ta.”